Ramin Haƙorin Iya

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

An cire wa Iya haƙori yau, turmin ƙasa na hagu. Ni na kai ta asibiti, kuma rakiyar ta fi cirewar wahala, don ni ne ɗanta na fari. Shekarata arba'in da uku, ban taɓa jin sunana, Nata'ala, a bakinta ba. "Wancan" nake, ranar da take cikin nishaɗi kuma "mai gidan nan". A hannun kakata na tashi. In muka haɗu a ɗaki ɗaya, ita ta yi wa bango magana, ni in amsa wa tabarma. Ƙanwata Sauda ce mai raka ta ko'ina, to ga Sauda can a Maigatari tana wankan jego, shi ya sa abin ya faɗo kaina. Tun daga Sule Tankarkar har Gumel ba wanda ya ce uffan a cikinmu.

Likitar haƙorin mace ce, Dakta Ummukulsum, ba za ta girmi Sauda ba. Ta yi ta jero tambayoyi, ciwon suga, hawan jini, Iya tana girgiza kai. Can sai ta ce, "Hajiya, kina shan taba?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Iya ta ja mayafi ta ce, "A'uzubillahi." Ni ma na yi caraf na ce, "Haba likita, tsohuwa ce fa." Likita ta daɗe tana leƙen bakin Iya da ɗan madubinta, sannan ta dube ni, ta yi rubutu. Yaran yanzu ba su san wa ake yi wa wace tambaya ba.

Ta ce jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa, kada a taɓa shi. Ban da tofar da yawu da ƙarfi, ban da zuƙar komai. Iya za ta zauna a gidana har ta warke. Matata Asama'u ta share mata ɗakin da ke kusa da turken awaki.

Talata, 8 ga Oktoba, da hantsi

Lafiya lau. Ta sha koko. Ta tambayi Asama'u ko an ji labarin yankan riɗinta a ƙauye.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan magariba

Ciwo ya dawo, har ya fi na kafin a cire. Ta yini dafe da kumatu, ta ce wa Asama'u abin har cikin kunne yake suka. Ba ta iya shan kokon ba. Akwai wani wari kuma, ban so in rubuta ba amma akwai.

Asama'u tana ta mita wai kwalin ashana biyu sun ɓace mata a kicin cikin kwana uku. Ana ta kai wa yake ta ashana.

Juma'a, 11 ga Oktoba, kafin masallaci

Mun koma. Likita ta ce murfin jinin ya fita, ramin ya bushe, ƙashi ne a waje yake shan iska. Ta wanke wurin, ta cusa wata auduga mai ƙamshin kanumfari. Daga nan ta ce, "Malam, ko za ka ɗan ba mu wuri?" Na fito na zauna a benci. Sai dai labule ne kawai tsakaninmu, kuma Iya ta san ina nan, don takalmana suna leƙowa ta ƙasa. Na ji likita ta sake yin waccan tambayar a hankali. Na ji Iya ta ce, "'Yar nan, ki yi aikinki."

Me ya sa take nanata wannan tambaya? Ban gane ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, da azahar

Na kama Asama'u tana shinshinar rigata kafin ta jiƙa. Na ce lafiya? Ta ce, "Abban Jannatu, tsakaninka da Allah, ka fara shan sigari?" Na yi dariya har da riƙe ciki. Ni da ko hayaƙin turaren wuta sa ni tari yake. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce sau uku ke nan tana jin warin a bayan turken awaki, kuma babu wani namiji a gidan nan sai ni.

Na ce wataƙila ta katangar maƙwabta yake tsallakowa. Na je na tsaya a wurin. Katangar nan bayanta fili ne, ba kowa.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da safe

Ban gane ba.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau na dawo daga makaranta da wuri, don na manta makullin ofis ɗin malamai a aljihun wata riga. Asama'u ta tafi barka. Na ce bari in zagaya in duba akuyar nan mai ɗingishi.

Na koma da baya. Iya ba ta gan ni ba. Ko ta gan ni, ban sani ba.

Ban ga komai ba. Hayaƙi ne kawai, kuma kowane gida ana hayaƙi. Tana tsugune, ta ba ni baya, mayafinta a kafaɗa, ga wani gwangwanin madara a gefenta, wanda ta ce wa Asama'u maganin sanyi ne a ciki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ta riƙe karan tsakanin yatsu. Wannan ba riƙon ɗan koyo ba ne.

Na koma makaranta ba tare da makullin ba. Na shiga aji huɗu na koya musu darasin aji shida, ba wanda ya gaya mini sai da aka kaɗa ƙararrawa.

Laraba, 16 ga Oktoba, lokacin hutun tara a makaranta

Na kira Adda, yayar Iya da ke aure a Gagarawa. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na tambayi gero, na tambayi jikoki, har ta gaji ta ce, "Kai Nata'ala, faɗi abin da ya sa ka kira."

Na ce, "Adda, akwai wani abu da Iya take... wanda likita ta ce yana hana rauni warkewa."

Ta ce, "Gani ka yi ko faɗa maka aka yi?"

Na ce gani na yi.

Ta ce, "Tun shekarar da aka dawo da ita daga Damagaram ita kaɗai. Kada ka tambaye ni sauran. Kuma wallahi kada ka bari ta san ka sani. In ta sani, gobe da sassafe za ta hau babur ta koma ƙauye, ta gwammace bakin ya ruɓe da ta sake haɗa ido da kai."

Na ce to ke ki yi mata magana mana. Ta ce ta yi shekara talatin tana yi.

Ina ɗan shekara tara a lokacin. Abin da na iya tunawa kawai, an tafi da Baba ba a dawo da shi ba, kuma kakata ta hana ni zuwa gidan har wata biyu. Sauda ta sani? Kowa ya sani ban da ni? To ni wane ne a gidan nan?

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan masallaci

Kumatun ya kumbura. Likita ta matse ruwa ya fito, ba na son in tuna launinsa. Ta ƙara magani, ta ce mana a fili in nan da mako biyu ramin bai fara cikowa ba, ciwon ya shiga ƙashin muƙamuƙi ke nan, sai dai ta tura mu Kano a yanka a kankare ƙashin. Iya ta kusa saba'in. Yau kwana takwas ba abin da ya wuce maƙogwaronta sai ruwan koko. Awarwaronta da ba ya fita sai da sabulu yanzu da kansa yake zamewa.

Na yi niyyar in tsaya in gaya wa likita a ɓoye. To in gaya mata me? Ai ta riga ni sani, tun ranar farko ta gani a bakin. Wadda ya kamata ta ji bayani ita ce Iya, kuma ta yaya za a yi wa mutum bayanin abin da ya ce a'uzubillahi da shi?

Ina jin tsoro. Yau na fara rubuta wannan kalmar.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da yamma

Na ce in rubuta mata takarda, ba ta karatun boko. Na ce in ɗauke gwangwanin, na je har ƙofar ɗakin na kasa ɗaga labule, ban taɓa shiga ɗakin da take kwana ba. Na ce in gaya wa Asama'u ta yi mata magana, sai na tuna suruka ce, gara a kai ta Kano sau goma. Na ce in kira Sauda, jaririnta ko wata ɗaya bai yi ba.

Yara ɗari huɗu nake tsayawa gabansu kullum ina surutu, ga magana guda ta gagare ni.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan azahar

Ban shirya ba. Ina so in rubuta wannan tun farko, ko ni kaina in na karanta wata rana in san ban shirya ba.

Likita tana canza audugar, Iya a kishingiɗe a kujera baki buɗe, ni ina tsaye jikin labule. Sai na ji bakina yana cewa, "Likita, ni ma ina da tambaya. Ni... ina shan taba. Na daɗe ina sha a ɓoye. In aka cire mini haƙori me zai faru?"

Hannun likita ya tsaya cak. Ta dube ni ta saman takunkuminta. Ban san me ta gani ba, amma ta ajiye ƙarfen hannunta, ta juyo da kujerarta ta fuskance ni sosai, ta ba Iya gefe.

Ta ce, "Malam, na gode da ka faɗa, ba kowa ke iyawa ba. Ka ga, zuƙar kanta ita ke fizge murfin jinin daga rami. Hayaƙin kuma yana tsuke hanyoyin jini a dasashi. Rauni da jini yake warkewa, jini ne ke kai masa abinci da magani. In ka tsuke hanyar, ko wane irin magani na ba ka a bakin ƙofa zai tsaya."

Na ce, "To in mutum ya yi shekara talatin yana sha fa? Ai ya makara."

Ta ce, "Bai makara ba. Jiki ba ya riƙo. Kwana biyu uku da dainawa jini zai fara komawa wurin. Mako biyu, nama zai fara tsirowa a ramin, sauran haƙoran da ke girgiɗi ma a samu a ceci wasu. Kwanakin farko za ka ji kamar ka daki kowa, kai zai yi ciwo, barci ya ƙi. Ka riƙa tauna kanumfari ta ɗaya gefen, ka sha ruwa, ka nemi abin da hannunka zai riƙe. Amma ko kara ɗaya ka sha, ka mayar da aikin baya."

Duk wannan bayanin da ƙarfi ta yi shi, dalla-dalla, kamar mai magana da kurma. Ban dubi Iya ba. Numfashinta kawai nake ji.

Da muka ɗaga labule, mutum na farko a benci Malam Hussaini ne, ladanin masallacinmu, dafe da nasa kumatun. Ya amsa gaisuwata yana kallon aljihun rigata.

Talata, 22 ga Oktoba, da safe

Labari ya riga ni isa gida. Asama'u ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna bakin gado tana hawaye tana cewa, "Na tambaye ka, ka yi mini dariya. Har da riƙe ciki." In na wanke kaina, wa zan shafa wa?

Na ce mata na daina. Wannan ƙarya ce ko gaskiya? Mutum yana daina abin da bai fara ba?

Alhamis, 24 ga Oktoba, da la'asar

Iya ta zama wata iri. Ta yi wa Asama'u tsawa a kan kofi, ta kori awaki da muciya, ta share tsakar gida sau uku alhali a share take. Ta aika an sayo mata kanumfari. Carbi ba ya barin hannunta, amma ba ja take ba, murza shi take kamar mai son ya fashe.

Ni ko kallon inda nake ba ta yi. Da can ma ba ta yi, amma wannan rashin kallon daban ne. Ta yarda da abin da na faɗa? Tana ganin ita ta gadar mini? Ko fushi take da ni? Ban gane ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan masallaci

Malam Hussaini ya ja ni gefe ya yi mini nasiha ta kusan rabin awa, da baki a karkace don shi ma an cire masa nasa. Ya ce malamin makaranta madubi ne. Ya ba ni asuwaki guda biyar. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. A makaranta kuma wani ya ajiye mini alewa mai yaji a tebur, ba suna.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da hantsi

Jini. Asama'u ta nuno mini asuwakin Iya, ja wur. Ba daga ramin ba, daga dasashin gaba. Shi ke nan, ya bazu. Kano.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan azahar

Na shiga wurin likita na nuna mata asuwakin a leda. Ta duba bakin Iya, ta daɗe, sai na ga idanunta sun yi murmushi.

Ta ce dasashin da hayaƙi ya tsuke ba ya zubar da jini ko yana ciwo, shi ya sa ciwon ke ɓuya shekara da shekaru. In jini ya fara fitowa, hanya ce ta buɗe. Za ta wanke haƙoran, zai tsaya da kansa. Kumburin ya saɓe, kuma a gefen ramin akwai ɗan sabon nama. Ba ta ce an fasa Kano ba, ta ce mu ga mako mai zuwa.

Sai ta juyo gare ni kamar ba komai ta ce, "Malam, kai fa, kwana nawa ke nan da dainawa?"

Na fara lissafi da yatsu, na rikice. Daga kan kujera, da auduga a baki, Iya ta ce wa bango, "Yau bakwai."

Nawa take ƙirgawa ko nata? Na yi ta juya abin a cikin adaidaita har muka wuce kwanar gidanmu.

Laraba, 30 ga Oktoba, da magariba

Ta sha fura mai kauri, rabin kwano.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da yamma

Asama'u ba ta dawo daidai ba. Tana kawo abinci, tana gaishe ni, amma kamar baƙo. Ɗazu na ji tana waya da yayanta a tsakar gida, tana cewa ba tabar ce ta dame ta ba, shekara goma sha biyar tana kwana da mutum ashe ba ta san shi ba. Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar wake. Hannunta ya tsaya a cikin faifai, ya daɗe bai motsa ba.

Asama'u ta ce ranar Litinin da ita za a je asibiti.

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ba za a je Kano ba. Bari in fara rubuta wannan. Likita ta ce nama ya rufe ƙashin, ramin yana cikowa daga ƙasa, ta ba Iya madubi ta gani da idonta. Ta ce a fara tuwo mai laushi. Na yi hamdala a fili, ban damu da wa ke benci ba.

Muna shirin fita Asama'u ta ce, "Likita, don Allah ki duba nasa shi ma. Tunda ya daɗe yana sha, a san irin ɓarnar da ta yi."

Na ce ba komai, wata rana. Ta ce yau. Likita ta dube ni, na dube ta, ba yadda muka iya. Na hau kujerar da Iya ta sauka, aka kunna mini fitila a fuska, na buɗe baki. Likita tana ta zagayawa da madubi tana neman abin da za ta ce, Asama'u ta matso tana leƙe.

Sai na ji sandar Iya ta daki ƙasa sau ɗaya.

Ba bango ta yi wa magana ba. Asama'u ta duba, ido cikin ido, ta ce, "Ke, bar wahalar da likita. Bakin nan bai taɓa shan komai ba. Nawa ne ya sha, shekara talatin da huɗu, kuma yau kwana goma sha huɗu bai sha ba. Ki daina yi wa mijinki kuka." Ta gyara mayafinta. "Ƙarya ma bai iya ba. Ni na haife shi, na sani."

Asama'u ta durƙusa a wurin, a kan simintin asibiti, ta kama gefen zanen Iya.

Ban taɓa jin ta ce ita ta haife ni ba. Fitilar nan ta sa idona ruwa, na bar shi yana gangarowa cikin kunne. Can likita ta taɓa kafaɗata ta ce, "Malam, rufe bakinka." Ashe har lokacin a buɗe yake.